Yadda za ka haɗa na'ura da idon mai zayyana ka gina manhajar da makaho da kurma za su iya amfani da ita

Duk mai gina shafin intanet ko manhajar waya ya san yanzu akwai kayan aikin da za ka danna sau ɗaya su zazzago maka kurakurai, wannan rubutun bai fito sosai ba, wancan hoton ba shi da bayani, har su ba ka maki. Abin da ke faruwa shi ne da yawanmu da mun ga Lighthouse, kayan gwajin da ke cikin burauzar Chrome, ya rubuta 100 da kore sai mu rufe kwamfuta mu ce an gama, alhali makahon da zai buɗe shafin da TalkBack, manhajar da ke karanta abin da ke kan allon Android da murya, ko wajen shiga bai iya wucewa ba. Akwai kuma 'yan ɗaya ɓangaren masu cewa duk wannan na'ura shirme ce sai dai a bi komai da hannu, su kuma za ka tarar sau ɗaya suka yi gwajin, bayan sati biyu wani ya ƙara sabon maɓalli ya ɓata duk abin da aka gyara kuma ba wanda ya lura.

Ni dai rabon aikin da na ga yana tafiya shi ne, na'ura ta riƙe ƙirga da gadi, mai zayyana ya riƙe ma'ana da tsari, masu buƙata ta musamman su yanke hukuncin ƙarshe, sannan duk abin da mutum ya gano a mayar da shi ya zama doka a cikin na'ura don kar ya dawo. Zan ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe, shafin tura kuɗi a manhajar banki: akwatin lambar akawun, zaɓen banki, adadin kuɗi, PIN, lambar OTP, sai saƙon cewa kuɗi sun tafi ko ba su tafi ba. Na zaɓe shi ne don tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kowa ya koma tiransfa ko yana so ko ba ya so, kuma idan shafin nan bai yi wa makaho aiki ba to dole ya miƙa wa wani wayarsa ya faɗa masa PIN ɗinsa, ka ga an taɓa masa sirri da mutunci a lokaci guda.

Mataki na 1: ku tsayar da ma'aunin da za ku bi

Kar a fara da gardamar "ni a ganina ya yi". Akwai ma'auni da ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin intanet ke fitarwa kan yadda shafi zai yi wa masu buƙata ta musamman aiki, mai suna WCAG, na 2.0 ya fito a 2008, na 2.1 a 2018, na 2.2 a Oktoban 2023, kuma yana da hawa uku, A da AA da AAA. Ku rubuta a takardar aiki cewa WCAG 2.2 hawa na AA kuke bi, shi kenan. AAA yana da kyau amma su kansu masu ma'aunin ba su ce a tilasta shi a kan dukkan shafi ba.

Idan oga ya tambaya me ya sa za a kashe lokaci a nan, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum biliyan 1.3 ne ke rayuwa da nakasa mai tasiri, kusan kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya. A Najeriya an sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci a Janairun 2019, duk da ƙarfinta ya fi karkata ga gine-gine da sufuri da ilimi da ɗaukar aiki. Wanda kuma yake karɓar kwangila daga Turai ya sani dokar Tarayyar Turai ta sauƙaƙa wa nakasassu amfani da kayayyaki da ayyuka ta fara aiki tun 28 ga Yunin 2025, ta shafi bankuna da shagunan intanet, za su tambaye ka.

Mataki na 2: aikin da ake yi tun ba a rubuta kod ko layi ɗaya ba

Nan ne ya fi arha, kuma nan ne aka fi tsallakewa. Mai zayyana yana cikin Figma, manhajar zana shafuka, to ya fara da launuka. Ƙa'idar ita ce bambancin hasken rubutu da na bayansa ya kai 4.5 da 1 ga rubutu na yau da kullum, 3 da 1 ga manyan haruffa, wato daga fiksel 24 ko kusan 19 idan mai kauri ne, haka ma 3 da 1 ga bakin akwatin fom da alamomin da ake buƙatar gani. Wannan lissafi ne zalla, kar ka wahalar da idonka, ka sa Stark, wani kayan gwaji da ake saka wa Figma, ko shafin auna launi na cibiyar WebAIM ya yi maka. Ga misali, tokar nan #999999 da 'yan dizain ke mutuwar so a kan fari ba ta ma kai 3 ba, #777777 ta faɗi da ƙiris, #767676 ce ta tsallake. Idonka ba zai taɓa raba biyun ƙarshen nan ba, na'ura kuwa cikin daƙiƙa.

Amma ka lura, na'urar za ta ce maka ja ya wuce, kore ma ya wuce, ba za ta gaya maka cewa ka dogara da launi kaɗai wajen nuna "an tura" da "ba a tura ba", alhali akwai maza da yawa da ba sa rarrabe ja da kore. Wannan kai za ka gani, ka ƙara alama da rubutu ƙarara. Kuma ka gwada launukan a waya mai araha a tsakar rana a waje, don allon ofis mai tsada yana rufa wa launi asiri.

Sai girman wurin taɓawa. WCAG 2.2 ya ce aƙalla fiksel 24 a tsaye da kwance, Apple na ba da shawarar 44, Google 48. Ka ɗauki na Google a waya ka huta, saboda wanda hannunsa ke rawa ko wanda shan inna ya taɓa wa hannu ko dattijon da yatsunsa suka yi kauri duk wannan ɗan ƙaramin X ɗin da ke lungu ba za su same shi ba.

Abu mafi muhimmanci a matakin nan shi ne rubuta bayani a gefen zanen, wanda ba wata na'ura da za ta yi maka. A kan kowane shafi mai zayyana ya sa lamba 1, 2, 3 yana nuna da wanne za a fara karantawa, ya nuna wanne ne babban kai, wato babban taken rubutu, wanne ne ƙaramin kai, ya rubuta sunan da kowace alama za ta amsa idan an karanta ta da murya. Alamar ido da ke gefen PIN sunanta "nuna PIN", idan an danna ta koma "ɓoye PIN". Kibiyar sama sunanta "koma baya". Hoton ado da ba ya ɗauke da saƙo a rubuta cewa a tsallake shi. Sannan ya zana yanayin kuskure, me zai fito idan lambar akawun ba ta cika 10 ba, a ina zai fito, da wace kalma. In ba a rubuta waɗannan ba mai kod zai yi ta cankensa ne, ko ya bar su fanko.

Mataki na 3: a gina da kayan asali

Gajere ne wannan. Idan abu maɓalli ne a sa `button`, idan linki ne a sa `a`, kowane akwatin fom a ɗaura masa `label` nasa. Kayan asalin nan sun zo da komai, kibod na isa gare su, manhajar karanta allo ta san sunansu da aikinsu. Da ka ɗauki `div`, wato akwatin kod da ba shi da wani aiki na kansa, ka yi masa kwalliya ya yi kama da maɓalli to ka ɗora wa kanka aikin da burauza ke yi kyauta. ARIA kuma, wato alamomin da ake ƙara wa kod don gaya wa manhajar karanta allo aikin kowane abu, a yi hattara da ita, ƙa'idarta ta farko ma cewa take idan akwai kayan HTML na asali da zai yi aikin to kar ka taɓa ta, kuma binciken WebAIM ya sha nuna shafukan da suka cika ARIA sun fi yawan kurakurai.

A nan na'ura ta fara gadi tun kana rubutu. Masu React su sa eslint-plugin-jsx-a11y, masu Android kuma Lint na Android Studio zai ja layi idan hoto ba shi da `contentDescription`. Idan shafin na Hausa ne a sa `lang="ha"` a samansa, kuma a duba fon ɗin da aka zaɓa, wato salon haruffan, yana da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, don wasu fon ɗin sai ka ga harafin ya fito a wani salo daban ko ya zama akwati, mai raunin gani kuwa wannan kaɗai ya isa ya rikita masa kalma. Noto Sans da Andika duk suna da su.

Mataki na 4: yanzu a saki na'ura

Kayan suna da yawa kuma akasari kyauta ne. A burauza akwai axe DevTools na kamfanin Deque, da WAVE na WebAIM, da Accessibility Insights na Microsoft, sai Lighthouse da ke cikin Chrome wanda shi ma injin axe yake amfani da shi a ciki, saboda haka in ka gudanar da su biyun kar ka ɗauka shaidu biyu ka samu. A Android akwai Accessibility Scanner na Google, a iPhone akwai Accessibility Inspector cikin Xcode.

Abin da suke kamawa da kyau sananne ne. WebAIM, wata cibiya a jami'ar jihar Utah ta Amurka, tun 2019 duk shekara take auna shafukan farko na gidajen intanet miliyan ɗaya, a 2024 kusan kashi 96 cikin 100 an same su da kuskure, kuma kusan kullum abubuwa shida ne ke maimaita kansu: rubutu mara haske, hoto ba bayani, akwatin fom ba suna, linki fanko, maɓalli fanko, da rashin faɗin harshen shafi. Duk shidan na'ura na ganinsu, to ba dalilin da zai sa mutum ya ɓata yininsa yana nemansu da ido.

Inda ƙarfinta ya ƙare shi ma an auna. A 2017 ma'aikatan sashen intanet na gwamnatin Birtaniya sun gina wani shafi da gangan suka cusa masa matsaloli sama da 140, suka saki kayan gwaji iri-iri a kansa, ba wanda ya kama ko rabi. Deque da kansu da suka yi nasu lissafin kashi 57 suka ce injinsu na kamawa. Sikeli ne, zai faɗa maka nauyin buhu daidai amma ba zai gaya maka waken ciki ya yi ƙwari ba. Ka rubuta `alt="hoto"` a matsayin bayanin kowane hoto, ka sa wa kowane maɓalli suna "danna nan", za ka iya cin maki mai kyau ka kuma bar makaho a duhu.

Abu biyu wajen gudanar da gwajin. Na ɗaya, na'ura abin da ke kan allo a lokacin kawai take gani, to kar ka auna fom yana fanko ka tafi, ka cika shi da kuskure ka sake aunawa, ka buɗe jerin bankuna ka auna, ka bar tagar tabbatarwa a buɗe ka auna, ka kai shafin OTP ka auna. Na biyu, sakamakon axe yana da wani sashe na abubuwan da ya ce shi bai iya yanke hukunci ba sai mutum ya duba, misali rubutun da ke kan hoto ko kan launi mai sirkiya. Yawancin mutane ba sa ko buɗe wannan sashen, alhali nan ne na'urar ke miƙa maka aikin hannu da hannu. Mai zayyana ya zauna da mai kod su bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na 5: gwajin hannu, inda ainihin aikin yake

Ture linzamin kwamfutar gefe, ka tura kuɗi da kibod kaɗai. Tab na kai ka gaba, Shift da Tab na mayar da kai baya, Enter ko Space na dannawa, Esc na rufe taga. Kana tafiya kana tambayar kanka, ina ganin inda nake kuwa? Don akwai masu goge zoben nan da ke zagaye abin da aka tsaya a kai wai yana ɓata kwalliya, wallahi wannan ɗabi'ar ta cutar da mutane da yawa. Tsarin tafiyar ya bi lambobin da aka sa a mataki na 2? Da tagar "ka tabbata za ka tura?" ta buɗe, ka shiga cikinta ko kana can bayanta kana yawo? Da ka rufe ta, ka dawo inda kake ko an jefa ka saman shafi? WCAG 2.2 ya ƙaro wata ƙa'ida ma cewa kar wani abu da ke manne a allo, irin sanarwar kukis ko sandar ƙasa, ya rufe abin da ka tsaya a kai gaba ɗaya.

Daga nan ka ƙara girman shafi zuwa kashi 200, sannan 400. A 400 ya kamata komai ya jeru a layi ɗaya kamar a waya ba sai ana jan shafi hagu da dama ba. A waya kuma ka shiga saiti ka kai girman rubutu ƙarshe, ka ga ko adadin kuɗin ya yanke, don ₦150,000 da ya koma ₦150 da ɗigo uku ba ƙaramin abu ba ne.

Sai manhajar karanta allo. Tunda yawancin wayoyin hannun mutanenmu Android ne, su Tecno da itel da Infinix da Samsung, da TalkBack za ka fara, in babu shi a wayar ka sauke Android Accessibility Suite daga Play Store. Shafa yatsa dama na kai ka abu na gaba, hagu na baya, taɓawa sau biyu na dannawa. A kwamfuta ka sauke NVDA, kyauta ne, wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, su suka gina shi tun daga 2006. A cikinsa harafin H na tsallaka da kai daga kai zuwa kai, Insert da F7 na fito maka da jerin linkunan shafi, nan take za ka ji kunya in duk sunansu "ƙarin bayani". Masu iPhone kuma VoiceOver.

Ga irin abin da kunne ke kamawa a shafinmu na tura kuɗi. Ka shafa ka isa akwatin farko, muryar ta ce akwatin rubutu kawai ba ta faɗi na mene ne ba, saboda sunan an rubuta shi ne da toka a cikin akwatin kuma ya ɓace da aka fara rubutu. Ka sa lambar akawun, sunan mai akawun ya fito a ƙasa, mai ido ya gani ya tabbatar, muryar kuwa shiru don ba a gaya mata wani abu ya canza ba, ka ga makaho zai tura kuɗi bai ji sunan wanda zai karɓa ba. Maganinsa a sa wurin ya zama mai sanarwa, `role="status"` a shafin intanet ko `accessibilityLiveRegion` a Android. A shafin tabbatarwa muryar ta karanta lambar akawun a dunƙule, biliyan kaza da miliyan kaza, wa zai gane wannan? A sa ta karanta ɗaya-ɗaya. Ka saurari yadda take furta alamar naira, in tana tsallake ta a rubuta mata kalmar. Ka isa PIN, wasu manhajojin suna zana nasu kibod ɗin har su riƙa hargitsa lambobin saboda tsaro, in ba a sa wa kowace lamba suna ba abin da za ka ji shi ne maɓalli, maɓalli, maɓalli har goma. Sai OTP mai ƙirgen daƙiƙa 30, mutum ya fita ya je saƙonni ya saurari lamba shida ya haddace ya dawo, lokaci ya ƙare. A bar shi ya kwafa ya manna, a sa `autocomplete="one-time-code"` wayar ta cika da kanta, a kuma ba shi hanyar neman ƙarin lokaci. Cikin duk abin da na lissafa ɗin nan, in ka cire akwati da maɓallan da ba suna, da wuya na'ura ta yi ƙorafi a kan ko ɗaya.

Saƙon kuskure ma a duba shi da idon mai rubutu. "An samu matsala" ba saƙo ba ne. "Lambar akawun 10 ce, ka sa 9" shi ne saƙo, kuma ya tsaya kusa da akwatin har a gyara, kar ya walƙa ya ɓace. Wannan na taimakon mai matsalar fahimta da wanda karatunsa bai yi nisa ba da ma kowa. In akwai wani abu mai walƙiya kar ya wuce sau uku a daƙiƙa saboda masu farfaɗiya.

Mataki na 6: AI ya yi daftari, mutum ya sa hannu

Yanzu ƙirƙirarriyar basira na iya rubuta bayanin hoto da rubutun ƙasan bidiyo, Facebook ma tun 2016 yake sa wa hotuna bayani da kansa. In kana da hotuna dubu biyar a shago to ka bar shi ya yi zubin farko, ya fi barinsu fanko nesa ba kusa ba. Sai dai shi abin da ke cikin hoton yake faɗa, bai san dalilin da ya sa aka sa hoton a wurin ba. Zai ce "mace riƙe da waya tana murmushi", alhali hoton talla ne da aka rubuta sabon cajin tiransfa a jikinsa, kuma cajin shi ne saƙon. Ka raba hotunan gida uku: na ado a bar `alt` ɗinsu fanko da gangan, na kaya AI ya rubuta mutum ya bi da sauri, masu ɗauke da lamba ko umarni ko jadawali kuma mutum ya rubuta da kansa.

Bidiyon koyar da amfani da manhaja kuma dole a sa masa rubutu saboda kurame, kuma in da Hausa ake magana kar ka yarda da abin da na'ura ta rubuta sai wani ya bi shi layi-layi, tana cin tuntuɓe a sunaye da lambobi da wurin da aka sirka Hausa da Turanci. Ka kuma tuna akwai kuramen da maganar hannu ce harshensu na farko, rubutu na biyu ne, to gajerun jimloli da nuni a aikace sun fi yi musu amfani, in da hali a sa mai fassara da hannu a gefen bidiyon. Kar kuma a ce hanyar neman taimako ɗaya ce tak, kiran waya.

Mataki na 7: a kira masu abin

Kai da ka kunna TalkBack na awa ɗaya ba ka zama makaho ba, kana leƙen allon ko ba ka sani ba, kuma kana tafiya a hankali. Wanda yake amfani da shi kullum yana sa muryar gudun da kai ba za ka tsinci komai ba, yana da gajerun hanyoyinsa, abin da ya dame ka shi ko a jikinsa, abin da ya tsayar da shi kuma kai ba ka ma gan shi ba. Ku nemi mutane ta ƙungiyoyinsu, akwai ƙungiyar makafi ta ƙasa da ta kurame da haɗaɗɗiyar ƙungiyar JONAPWD, ga makarantun masu buƙata ta musamman irin ta Tudun Maliki a Kano. Ko mutum biyar aka samu masu lalura daban-daban, makaho, mai raunin gani irin zabiya ko dattijo mai yanar ido, kurma, mai matsalar hannu, za a ga abin mamaki.

Ku bar su su yi da wayarsu da saitinsu, ku ba su aiki, "Malam, don Allah tura wa wannan akawun naira dubu biyu", da akawun gwaji ba nasu na gaske ba, sannan ku yi shiru. Shirun nan shi ne mai wuya, hannunka zai yi ta ƙaiƙayi ka nuna masa wurin, kar ka nuna. In an zo da ɗan jagora ko mai fassara, da mai gwajin za ka yi magana kai tsaye. Kuma a biya su kuɗin aikinsu da na mota, ƙwarewa suka kawo, ba taimaka musu aka yi ba.

Mataki na 8: abin da mutum ya gano a damƙa wa na'ura ta tsare

Wannan ne ke hana a koma gidan jiya. A sa axe cikin gwajin da ke gudana da kansa duk lokacin da wani ya turo sabon kod, da Playwright ko Cypress ko Pa11y a GitHub Actions, masu Android su kunna gwajin da ke cikin Espresso. In tsohuwar manhaja ce mai kurakurai ɗari-ɗari kar ku ce sai an gyara duka kafin kod ya wuce, mutane za su gaji su kashe gwajin ne kawai. Ku rubuta adadin na yau, ku ce ba a yarda ya ƙaru ba, kuna rage shi duk sati, ku fara da waɗanda ke hana mutum gama aiki kwata-kwata kafin masu sa shi jinkiri.

Sannan kowane abu da aka gano da hannu a rubuta masa nasa gwajin. An gano tagar tabbatarwa ba ta mayar da mutum inda yake? A rubuta gwajin da zai buɗe ta ya danna Esc ya duba ina aka tsaya. An gano sunan mai akawun ba ya sanarwa? A rubuta gwajin da zai tabbatar wurin na ɗauke da alamar sanarwa. Gyaran kuma a yi shi a cikin kayan da kowa ke ɗauka, maɓalli ɗaya, akwatin fom ɗaya, taga ɗaya, a Figma da a kod, yadda duk wanda ya zo gina sabon shafi zai ɗauki gyararre.

Za a zo muku da tallan wani ɗan layin kod da ake mannawa a shafi, ya fito da alamar mutum a lungu, wai shi kaɗai zai gyara komai cikin kwana biyu. Makafi da yawa sun daɗe suna kuka da irin waɗannan don sukan yi karo da manhajar da suka riga suka saba da ita, kuma a Janairun 2025 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta sanar cewa kamfanin accessiBe zai biya dala miliyan 1 kan iƙirarin cewa kayansa na iya sa kowane shafi ya cika WCAG. Kuɗin da za ku ba su ku biya masu gwaji da shi.

Gwajin na'ura yana gudana a kowane sabon kod, na kibod da TalkBack a yi shi duk lokacin da aka taɓa hanya mai muhimmanci irin shiga da rajista da biyan kuɗi, zama da masu buƙata ta musamman kuma kafin kowane babban sauyi. A ƙasan shafi ko cikin saiti a ajiye wurin kai ƙorafi mai hanya biyu aƙalla, rubutu da kira, a faɗi abin da aka san bai gyaru ba tukuna, a kuma sa sunan mutum ɗaya a cikin tawagar wanda saƙon zai faɗa hannunsa, ya amsa cikin kwanakin da aka yi alkawari.